Jar Wayar Baba

Idan akwai abin da Allah ya hore wa Injiniya bayan sanin wayoyin kwamfuta, to raini ne. Bai saya ba, bai aro ba, da abinsa aka haife shi. Mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya dube ka sama da ƙasa tukuna, ya ga ko ka isa a gaya maka. A ganinsa mutanen duniya kashi biyu ne, akwai shi, akwai kuma masu kiransa a waya su ce kwamfuta ta ƙi kamawa alhali ba su kunna soket ba.

A kamfanin surukinsa yake aiki, inda ake sayar da kayan gyaran motoci, ofisoshi a saman bene, sito a ƙasa. Surukin, wanda kowa ke kira Baba, da tebur ɗaya a bakin titi ya fara. Bai yi boko mai nisa ba, amma in ka miƙa masa ƙarfen mota ido rufe zai shafa ya gaya maka na wace mota ne, ya ƙara maka da cewa jabu ne. Shi kaɗai ne Injiniya ba ya yi wa kallon hadarin kaji, ko dai haka yake gaya wa kansa. Baba ya ba shi 'yarsa Auta, ya ba shi aiki, kuma a bana ya fara zancen buɗe sabon reshe a ɗaya gefen gari. Mutum biyu ake sa ran ɗayansu zai riƙe reshen, Injiniya da Manaja, ɗan wan Baba. Injiniya kuwa yana son reshen nan kamar ransa, don ya gaji da zama ƙarƙashin Manaja, mutumin da har yau da yatsa ɗaya yake buga rubutu.

Da kamfani ya cika da kwamfutoci, Injiniya ne ya haɗa su. Ya sa aka kafa kabad ɗin ƙarfe mai ƙofar gilashi a wani ɗan ɗaki da ke ƙarshen baranda, ya jera hob uku a ciki, ɗaya bisa ɗaya, daga baya aka ƙara na huɗu. Shi hob akwati ne na ƙarfe, shimfiɗaɗɗe, gabansa jere da ramuka, kowace kwamfuta da wayarta da raminta. Irin waɗanda ya sayo ana ɗora su ne hawa-hawa, a haɗa su ta baya da wasu gajerun wayoyi masu kauri, sai su zama kamar akwati guda. Na ƙasa shi ne shugaba, shi ke ɗauke da ƙwaƙwalwar da ke lura da sauran, daga shi ake fara ba su lamba zuwa sama. Daga kan teburinsa Injiniya yana ganin kowane rami a allon kwamfutarsa, ya buɗe wanda ya so, ya rufe wanda ya so. Aiki ne mai kyau, kowace waya a miƙe, a ɗaure, ba wadda ta hau kan 'yar'uwarta. Ya tsaya ya kalli abinsa ya ji daɗi, sannan ya ji haushin cewa duk benen nan ba mai idon da zai gane kyansa.

Ƙofar gilashin nan ce ta jawo fitina. Manaja ya biyo ta baranda wata safiya, ya leƙa, ya ga fitilu suna ƙyaftawa, ya tsaya riƙe da ƙugu.

"Injiniya, wacce ce tawa a nan?"

Injiniya ya nuna masa da baki. "Ga ta can. Hawa na biyu."

"Na biyu daga sama?"

"Daga ƙasa."

Manaja ya sha toka. "To su wane ne a sama?"

"'Yan sito."

"'Yan sito? Su ne a kaina? Haba, shi ya sa tun jiya nake ganin tawa tana jan ƙafa. Ashe sai sun gama sha ake sako mana ragowa."

Injiniya ya lumshe ido. Da ya so, da magana biyu ta wadatar, cewa abin ba tankin ruwa ba ne, duk ramukan ɗaya suke, abin da ya shiga ta ɗaya yana isa ko'ina lokaci guda. Amma bayani wa Manaja a wurinsa asarar yawu ce. Ya ce, "Haka aka tsara," ya juya ya ci gaba da abin da yake yi.

Kafin azahar magana ta zaga bene. Akanta, mace mai gilashi a kan hanci wadda ba ta taɓa yarda an gaishe da wani kafin ita ba, ta zo da kanta ta ce ita ba ta son rigima, amma dai kowa ya san ofishin da ke riƙe da kamfanin nan, ba zai yiwu a sa ta ƙarƙashin masu ɗaukar kwali ba. Manaja ya dawo sau biyu. Aka shiga gaba, aka daina shan shayi tare, duk a kan ramin da babu wanda ya san amfaninsa a cikinsu. Injiniya yana zaune yana kallonsu kamar mai kallon faɗan kaji a kan tsakuwa.

Mayar da su sama ba ƙaramin aiki ba ne. Wayoyin ofisoshin sama ta ƙarƙashin kabad suka shigo, an yanke su daidai tsawon da zai kai hawa na ɗaya da na biyu. Sai dai a fasa silin a ja sababbi. In kuma akwatunan za a sauya wa wuri, lambobinsu za su rikice, duk tsarin da ya yi wa ramuka sai ya sake shi daga farko. A yi duk wannan don me? Don hancin Manaja?

Sai dabara ta faɗo masa, har ya yi dariya shi kaɗai. Ya ɗauko guntayen waya masu launi, kowace ba ta fi tsawon hannu ba, ya sa musu kai, ya cusa a ramukan hawan sama da ba kowa a ciki, ya zura jelarsu ta baya ya ɗaure a jikin ƙarfe inda ido ba ya kaiwa. Shuɗiya ta Manaja, rawaya ta Akanta. Ba su haɗu da komai ba, ko da iska. Fitilun kuwa a gefe guda suke jere da 'yan mitsi-mitsin lambobi, ya tabbata babu wanda zai tsaya ya duba wacce ta kama wacce ba ta kama ba.

Washegari Manaja ya zo ya gani, ya koma ofis, can sai ga shi ya dawo baki har kunne.

"Ka gani ko? Yanzu gudu take kamar me. Ai na gaya maka. Wani abin sai an haɗa da hankali, ba karatu kaɗai ba."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji Injiniya, ya sunkuyar da kai don kada a ga fuskarsa.

Da abin ya tsaya a nan, da ya ci bulus. Sai dai bayan kwana biyu Baba da kansa ya tako har ɗan ɗakin, abin da bai saba yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara zaman hularsa, ya daɗe yana kallon fitilun.

"Sannu da aiki, ɗana."

Injiniya ya miƙe da sauri ya rusuna. "Sannu da zuwa, Baba."

"Na ji ana ta hayaniyar sama da ƙasa. Ni ban san kan abin nan ba, kai ka sani. Ni a ina ka ajiye ni?"

A hawa na ɗaya ya ajiye shi, rami na farko, a jikin shugaban akwatunan, sabo fil, wanda ya fi kowanne lafiya. Da gangan ya yi haka tun ranar farko, don in duk sauran sun mutu na Baba ya rage. Gaskiyar ke nan, kuma gaskiya ce mai daɗin ji. Amma sai ya dubi tsohon, ya dubi hular, ya tuna wannan mutumin har yanzu jikarsa ce ke buɗe masa saƙon waya, sai wani abu a ransa ya ce, ina zai gane? A ce wa mai kamfani yana can ƙasa ƙarƙashin kowa, sannan a zauna ana yi masa darasi? Ga kuma reshe a gaba, ba lokacin ɓata wa tsoho rai ba ne.

"Ai Baba kai ne a kan kowa," ya ce. "Gobe ka zo ka gani, zan sa wa wayarka launi don ka riƙa gane ta."

Guntuwa ja ya sa masa, a ramin farko na hawan sama, gaba da shuɗiya da rawaya.

Abin da bai yi tsammani ba shi ne yadda jar wayar nan za ta shiga ran Baba. Tsohon ya mayar da ɗan ɗakin wurin yawon buɗe ido. Duk baƙon da ya zo, dillali ne, abokin ciniki ne, tsohon abokin zaman bakin titi ne, sai Baba ya ja hannunsa har ƙarshen baranda, ya ƙwanƙwasa gilashi da yatsa.

"Ka ga jar can? Tawa ce. Yaron nan ya ce ba mai hawa kaina ko a cikin na'ura. Kai, Allah ya ba ni suruki."

In Injiniya yana ciki sai ya yi murmushin ladabi, a ransa yana cewa, ji wani shirme, manya da gemu sun taru suna yi wa guntuwar waya barka. Har gida abin ya bi shi. Auta ta tare shi da fara'a wata rana tana karɓar jakarsa.

"Yau Baba ya kira ni, ba abin da yake yi sai zancenka. Wai ka sa shi a saman kowa. Wallahi na ji daɗi, Allah ya saka maka da alheri."

"Amin," ya ce, ya tambayi ko akwai ruwan wanka. Bai gaya mata ba. Ita ma, a lissafinsa, ba ganewa za ta yi ba.

Shi hawan saman nan, in za a faɗi gaskiya, shi ne mafi lalacewa a cikinsu. Na hannu ne, an ƙaro shi daga baya da aka sa wa sito kwamfutoci, kuma duk zafin na ƙasa a kansa yake tashi. Fankarsa ta daɗe tana kuka kamar tsohon keken ɗinki. Injiniya yana ji, ya san maganar canji ce, amma da yake 'yan sito ne kaɗai a kai bai ga abin gaggawa ba. Mai sito ya taɓa hawowa ya ce tasu tana ɗaukewa tana dawowa, Injiniya ya tambaye shi ko ya gwada wanke hannu kafin ya taɓa ta.

Ranar da abin ya faru ba ya ofis. Ya sulale da safe ya tafi ginin sabon reshe, shi kaɗai, da tef ɗin awo a aljihu. Ba wanda ya aike shi. Ya shiga ɗakin da ya riga ya zaɓa wa kansa, ya auna inda tebur zai zauna, ya auna taga don labule. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, ya duba ya ga Manaja ne, ya ja tsaki ya mayar. Ta sake, ya sake mayarwa. Sai da ya ga sunan Baba sannan ya ɗauka.

"Kana ina, ɗana?"

"Ina nan kusa, Baba."

"To ka zo."

Muryar ba faɗa a ciki, ba komai a ciki, kuma wannan ne ya sa ya kamo hanya da sauri.

Ya tarar da motocin ɗaukar kaya sun yi layi har titi, direbobi suna zaune a inuwa suna zage-zage. Kwamfutocin sito duk sun ɗauke, ba a iya fitar da takardar kaya ko ɗaya. Ya haye bene da gudu. A ƙarshen baranda ya ga Baba tsaye gaban gilashi, Manaja da Akanta a bayansa. Hawa uku suna ta ƙyafta fitilunsu. Na sama ya yi ɗif, baƙi ƙirin, ga ja da shuɗiya da rawaya a cake a jikinsa.

Manaja ya tare shi da murna irin ta wanda bai san abin da ke faruwa ba. "Ka ga ikon Allah, Injiniya! Namu ya mutu amma tawa tana aiki lafiya lau. Ta Akanta ma haka. Ina ga saura ne ya rage a cikin wayar, ko?"

Ko a wannan halin sai da Injiniya ya ji tsaki ya taso masa. Ya haɗiye shi, don ya ga Baba bai yi dariya ba.

"Ku ba mu wuri," in ji Baba. Suka tafi, Akanta tana waiwaye. "Fara sallamar mutanen ƙasa tukuna. Suna da nisan tafiya."

Ya buɗe kabad. Ya zare wayar baya da ta haɗa mataccen da sauran, ya ciro wayoyin sito ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su ramukan da suka rage a hawa na uku, ya ruga teburinsa ya buɗe ramukan, ya dawo. Fitilu suka kama. Daga ƙasa aka ji firinta ta fara aiki, wani direba ya yi kabbara. Duk aikin bai kai a sha kofin shayi ba.

"Da na ga ya mutu," Baba ya fara a hankali, "sai na ce shi ke nan, yau ba ni da aiki. Na koma ofis na zauna. Sai ga saƙo ya shigo. Na ce wa yarinyar ofis ta aika amsa, ta aika, ya tafi. Na dawo nan na sake dubawa, ko idona ne." Ya nuna jar wayar. "Ni dai na san mota. In ka ga an cire batir amma mota tana tafiya, to ba wannan batirin take amfani da shi ba. Jawo ta in gani."

"Baba, bari in yi maka bayani..."

"Jawo ta."

Ya zura hannu ta baya ya kwance ɗaurin, ya ja. Ta fito sulub, 'yar guntuwa, jelarta a yanke, zaren tagulla a waje. Baba ya karɓa, ya juya ta a tafin hannunsa kamar yadda yake juya ƙarfen da aka kawo masa daga kasuwa.

"Tawa ta gaskiya tana ina?"

Injiniya ya durƙusa ya nuna. "Ga ta, Baba. Rami na farko, a na ƙasa. Wallahi shi ne ya fi duka kyau, shi ne shugabansu, shi ke riƙe da sauran. In na sama sun mutu shi yana nan. Tun ranar farko a nan na sa ka, don kada abu ya taɓa samun aikinka."

"Na ƙasa shi ne babba."

"Shi ne, Baba."

"Shi ke ɗauke da na sama, kamar harsashin gini."

"Haka ne."

"To ka ga na gane." Baba ya dube shi. "Numfashi nawa ka yi ka faɗa? Wannan ne ka ga ya fi ƙarfin kaina?"

Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Da cutata ka yi, da na san yadda zan yi da kai, an sha cutata a kasuwa. Kai ba ka cuce ni ba. Ka ajiye ni wuri mai kyau, sannan ka dube ni ka ga ban isa a gaya mini ba, ka ba ni abin wasa kamar yaron da ake so ya yi shiru." Ya nuna gilashin. "Mutum nawa na kawo nan? Har da abokina da ɗansa, wanda ya yi irin karatunka. Yaron ya leƙa, ya daɗe yana duban fitilun nan, ya yi murmushi ya kau da kai. Na ɗauka burge shi abin ya yi. Ashe kunyata ya ji."

"Baba, ka yafe mini. Wallahi ban yi don..."

"Na yafe. Kai mijin 'yata ne, uban jikokina, ina zan kai ka?" Ya naɗe jar wayar a yatsunsa, ya sa a aljihun riga. "Amma reshe Manaja zan ba."

Duk da ya hango ta tafe, sai da ta doke shi. Kafin ya kama bakinsa maganar ta fita. "Manaja, Baba? Mutumin da yanzun nan ya ce saura ne ya rage a cikin waya?"

"Shi. Ba shi da rabin kanka, na sani, kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma can mutane zai riƙe, masu sito da direbobi da tsofaffi irina da za su zo suna tambayar shirme. Shi in an tambaye shi amsawa yake yi, in bai sani ba ya je ya tambayo. Kai kuwa ka ji abin da ka ce yanzu, ko gumin kunya bai bushe maka ba." Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Ka cire sauran biyun, ka je ka gaya wa masu su da bakinka. Auta kuma ni ba zan faɗa mata ba. Wannan tsakaninku ne, in ka ga ita ta isa a gaya mata."

Ya bi baranda a hankali, yana dafa bango, ya sauka ƙasa don ya ba direbobi haƙuri da kansa.

Injiniya ya daɗe a durƙushe gaban kabad. Daga baya ya miƙe ya kwance shuɗiyar da rawayar, ya riƙe su a hannu ya fito. Ƙofar Manaja a buɗe take, yana zaune yana buga rubutu da yatsansa ɗaya, harshe a waje. Ya ɗago ya ga Injiniya, ya washe baki.

"Yauwa, shigo mana. Ka gano abin da ya sa tawa ba ta mutu ba?"

"Na gano," in ji Injiniya. Ya ja kujera ya zauna, ya ajiye shuɗiyar wayar a kan tebur tsakaninsu. "Ranka ya daɗe, in kana da lokaci, zan yi maka bayani."